Yadda ake ware zahiri da hasashe a sayin da tanjan

Akwai wata tambaya da ba ta tsufa a jarrabawar lissafi ta ɗaliban injiniya da na kimiyya. Layi ɗaya ce tak: ga tan(x + iy), a ware ɓangarensa na zahiri da na hasashe. Wanda ya karanci lantarki a Jami'ar Maiduguri da ke hanyar Bama, ko a Kwalejin Fasaha ta Ramat, da wuya a ce bai gamu da ita ko da 'yar'uwarta ba. Na daɗe ina koyar da ita a darasin yamma a unguwar Mairi, kuma har yau ina jin daɗinta fiye da tambayoyin da suka fi ta tsawo, domin aiki ne na hannu, mai tsabta, wanda ke tona asirin mai gaggawa.

Ba zan tsaya kan sharar fage ba. Lamba mai ɓangare biyu ita ce x + iy, kuma abu ɗaya ake so a riƙe game da i: idan ta ninka kanta, −1 ake samu. Warewa kuwa ita ce a kai amsa ga siffar u + iv, ta yadda babu ko ƙyallin i a cikin u, babu a cikin v. Kamar gero da dawa ne da suka haɗu a faifai, a tsince kowa ya koma kwanonsa.

Kayan aikin guda biyu ne, kuma dukansu daga ƙa'idar Leonhard Euler suka fito, wadda ya buga a 1748: e^(iθ) = cos θ + i sin θ. Daga cikinta ake samun cos θ = (e^(iθ) + e^(−iθ))/2. To, cire θ ka sa iy a gurbinta. Da yake i sau iy ya zama −y, abin da ya rage shi ne (e^(−y) + e^y)/2, wato cosh y, wanda ɗalibai ke kira kosh. Haka za a bi da sayin, sai dai shi yakan fito da i a hannu:

cos(iy) = cosh y
sin(iy) = i sinh y

Kosayin ya haɗiye i, sayin ya tofo ta waje. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin. Sauran rabin tun a sakandare aka ba shi, wato ƙa'idar tara kusurwa biyu, sin(A + B) = sin A cos B + cos A sin B, wadda Abul Wafa'i al-Buzajani ya yi aiki da irinta a Bagadaza tun ƙarni na 10. Kosh da ɗan'uwansa shain, wato sinh, kuwa yara ne a kanta, sai a 1757 Vincenzo Riccati na Italiya ya fito da su. Ka buɗe baka, ka maye gurbi, shi ke nan:

sin(x + iy) = sin x cosh y + i cos x sinh y
cos(x + iy) = cos x cosh y − i sin x sinh y

A lura da alamar debewa a layi na biyu. Daga ƙa'idar kosayin ta zo, ba daga i ba. Kafin a wuce kuma a gwada: sa y ta zama sifili. Kosh ya koma 1, shain ya koma 0, sai sin x da cos x na gida su tsaya su kaɗai. Idan ba su tsaya ba, an yi tuntuɓe a baya.

A nan ne nakan rubuta sin z = 2 a allo in juyo in dubi aji. Ba a rasa wanda zai ɗaga hannu: “Malam, ai sayin ba ya wuce ɗaya.” Gaskiyarsa, a kan lambobin zahiri. Sai in ce masa ya dubi ƙa'idar da ya rubuta yanzu da hannunsa. Idan z ita ce x + iy, ana son ɓangaren hasashe ya zama sifili, don haka cos x sifili ne, x ta zama π/2. Sayin nata 1 ne, saura cosh y = 2, wato y = 1.317. Ga sayin ya kai biyu ba tare da an karya wata doka ba, kuma da za a ƙara y, zai kai dubu. Shirun da ke biyo bayan wannan yana cikin abin da ya riƙe ni a koyarwa.

Masu lissafi zalla don kyansa suke son abin. Injiniyoyin lantarki kuwa da shi suke cin abinci, sai dai su j suke rubutawa a madadin i, saboda i ta riga ta zama alamar gudun wuta a wajensu. Charles Steinmetz ne ya nuna musu wannan hanya a wani taro a Chicago a 1893, kuma a 1914 Arthur Kennelly ya buga littafi guda na jadawalin sayin da kosh na lambobi masu ɓangare biyu, don masu auna dogayen wayoyi. Mutumin Yerwa, wato Maiduguri, ya san dogon layi ba a littafi ba. Muna can ƙarshen wayar ƙasa: babban layi mai kilobolt 330 daga Gombe yake tasowa, ya ratsa Damaturu kafin ya iso mu. Da aka karya turakunsa a Janairun 2021, gari ya yi watanni a duhu, kuma wannan ne dalilin gina tashar iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris na 2023.

Ga inda darasinmu ya shiga. A dogon layin da ba a jan wuta a ƙarshensa, ƙarfin wutar mafari daidai yake da na ƙarshe sau cosh(a + jb). Ita a tana auna asarar da ake yi a hanya, b kuwa jinkirin kusurwa ce. Warewarsa sak irin ta ɗazu ce: cosh a cos b + j sinh a sin b. Wutarmu sau 50 take juyawa a daƙiƙa, abin da ke ba da jinkirin kusan digiri 6 a kowane kilomita 100. A ce layin kilomita 300 ne, asararsa kaɗan. Kusurwa ta zama digiri 18, kosayin nata 0.951. Raba 330 da 0.951, za ka ga kusan 347. Wato wutar ƙarshen layi ta fi ta mafari ƙarfi da kusan kashi 5 cikin 100, abin da hankali bai so ya yarda da shi ba. Da sunan Sebastian de Ferranti ake kiran wannan hali, kuma saboda shi ake kafa riyakta a tashoshin dogayen layuka domin ta danne rarar.

Mu koma ga tanjan, domin a nan gizo ke saƙar. Kowa ya san tanjan sayin ne bisa kosayin, don haka hannu yakan yi saurin ɗora amsar farko a kan ta biyu, ya ce an gama. Ba a gama ba, akwai i a ƙasan layi, kuma muddin tana can ba a ware komai ba. Mafi muni shi ne wanda zai raba zahiri da zahiri, hasashe da hasashe, ya kawo takarda yana murmushi. Rabawa ba ta tafiya haka.

Maganin i ta ƙasa shi ne kishiya, wato lambar da aka juya wa alamar ɓangaren hasashe. Tambayar ita ce yaushe za a shigo da ita. Mai bin doka sau da ƙafa yakan fara buɗe sama da ƙasa duka, sannan ya ninka da kishiya. Zai kai, amma sai ya ratsa gungu huɗu a sama, cike da sayin da kosayin da kosh da shain, ya tuna cewa cosh² − sinh² = 1 alhali cos² + sin² = 1, ya cika shafi. A cikin shafin nan ne alama guda takan sulale, kuma ba ta sallama in za ta tafi.

Gwani ba ya buɗe komai. Yakan bar baka a rufe, ya ninka sama da ƙasa da 2 cos(x − iy). Sama ta zama 2 sin(x + iy) cos(x − iy), ƙasa ta zama 2 cos(x + iy) cos(x − iy). Yanzu kira x + iy da A, kira x − iy da B, ka dubi abin da ke faruwa idan an tara su ko an debe. A + B = 2x, babu i ko kaɗan. A − B = 2iy, babu x ko kaɗan. Warewar ta faru tun a nan, kafin a taɓa sayin. Saura ƙa'idojin mayar da ninki tari: 2 sin A cos B = sin(A + B) + sin(A − B), sannan 2 cos A cos B = cos(A + B) + cos(A − B). Sama ta koma sin 2x + sin(2iy), ƙasa ta koma cos 2x + cos(2iy). Kayan aikinmu biyu na farko su ƙarasa:

tan(x + iy) = (sin 2x + i sinh 2y) / (cos 2x + cosh 2y)

Layi huɗu. Wannan salo yana cikin tsohon littafin S. L. Loney na 1893, ya bi ta littattafan Indiya irin na B. S. Grewal, waɗanda fotokwafinsu ke yawo hannu zuwa hannu a ɗakunan ɗalibai har gefen shafukan ya yi baƙi. Malamanmu na da sukan duba tsawon amsa kafin su duba amsar kanta, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai a jarraba da lamba. Ɗauki x = 1, y = 1. Sin 2 = 0.9093, cos 2 = −0.4161, sinh 2 = 3.6269, cosh 2 = 3.7622. Ƙasa ta ba da 3.3461, amsa kuwa 0.2718 + 1.0839i. Casio ɗin da ke aljihun kowane ɗalibi tana tara lambobi masu ɓangare biyu, tana ninka su, amma ba ta ɗaukar tanjan nasu, don haka dole a bi ta ƙa'idar. A duba saman gilashinta kafin a danna komai: R ake so a gani, ba D ba. Idan tana kan digiri, sayin da kosayin za su lalace, kosh da shain kuwa su fito daidai, domin su ba ruwansu da digiri. Amsar za ta zo 0.0073 + 0.7617i, ɓangarorinta biyu duk ƙarya, ba kuwa abin da zai nuna.

Komawa da baya ya fi wannan santsi. A ce tan(α + iβ) = x + iy, ana neman α da β. Dabarar kishiya ce dai: tan(α − iβ) = x − iy. Tara kusurwoyin biyu ka sami 2α, debe su ka sami 2iβ, ka bi ƙa'idar tanjan ta tarawa da ta debewa:

tan 2α = 2x / (1 − x² − y²)
tanh 2β = 2y / (1 + x² + y²)

Mu mayar da amsarmu ta ɗazu, mu ga ko za ta kai mu gida. Da x = 0.2718 da y = 1.0839, jimlar x² + y² ita ce 1.2487. Ta β lafiya lau: 2.1678 bisa 2.2487 ya ba da 0.964, 2β ta zama 2, β ta zama 1. Ta α kuwa, 0.5436 bisa −0.2487 ya ba da kusan −2.19. Danna tan⁻¹, na'ura ta ce −1.142. Raba biyu, α = −0.571. Alhali mun san 1 muka shigar da hannunmu.

Na'urar ba ta lalace ba. Ita dai tan⁻¹ tsakanin −π/2 da π/2 kawai take ba da amsa, kuma da zarar ka raba 0.5436 da −0.2487 ka ɓatar da labarin wanda ke ɗauke da alamar debewa, na sama ne ko na ƙasa. A nan na sama mai tarawa ne, na ƙasa mai debewa, don haka 2α tana kusurwa ta biyu ta da'ira, ba ta huɗu ba. Ƙara π a kan −1.142, ka sami 2.000, sannan ka raba biyu. Wani zai ce ai tanjan yana maimaita kansa bayan kowace π, me ya ɓaci? Abin da ya ɓaci shi ne π ɗin a kan 2α take, idan an raba biyu ta koma π/2 a kan α, shi kuwa tanjan ba ya maimaita kansa a π/2. Sa −0.571 + i cikin ƙa'idarmu ka gani: −0.218 + 0.868i za ka samu, wata lamba dabam. Ɗalibai masu kaifin kai ma nan suke barin maki, domin kowane layi na aikinsu daidai ne in ban da dannawar ƙarshe.

Dokar a taƙaice: duba x² + y² kafin ka taɓa na'ura. Idan bai kai 1 ba, karɓi abin da ta faɗa. Idan ya wuce 1, ƙara π idan x mai tarawa ce, debe π idan mai debewa ce, sannan ka raba biyu. Waɗanda suka saba da aikin lantarki ba sa ma rabawar. Maɓallin Pol suke dannawa, su shigar da −0.2487 da 0.5436 kowanne da alamarsa, na'ura ta ba su kusurwa 2.000 kai tsaye, domin a nan ta ga na sama da na ƙasa dabam-dabam.

Saura wuri guda da ƙa'idar ke ƙin ba da amsa. Sa x = 0, y = 1. Tanh 2β ya zama 2 bisa 2, wato 1, shi kuwa tanh kusantar 1 yake yi, ba ya isa. Babu wata β da za ta biya. Haka abin yake ga y = −1. Duk faɗin lambobi masu ɓangare biyu, tanjan yana iya zama kowace lamba in ban da i da −i, kuma mai shirya jarrabawar da ya san aikinsa yakan ɓoye wannan a sashe na ƙarshe na tambayar, mai maki biyu.