Boliyo, burodin ƙasar Meksiko

Meksiko ƙasa ce da ke nahiyar Amurka. Tun can da, masara ce abincin mutanenta. Sifaniyawa ne suka kai musu alkama, bayan sun ci ƙasar da yaƙi a 1521. Daga baya masu gashi suka koyi burodi irin na Faransawa. Shi ya sa boliyo yake kama da burodin Yamai da Damagaram, sai dai shi gajere ne, kamar taƙi guda.

Ana kwaɓa garin alkama da ruwa, da gishiri, da yis. In ya kumbura, sai a mulmula shi, a tsaga bayansa da wuƙa, a gasa. Ɓawonsa da ƙarfi, cikinsa da laushi. Akan raba shi biyu, a zuba wake ko nama ko cuku.

In mutum ya firgita, kamar lokacin girgizar ƙasa, sai a miƙa masa boliyo, wai yana kwantar da hankali.

Kalmomi
alkama : le blé
yis : la levure
ɓawo : la croûte

Tambayoyi
1. Su wa suka kai alkama Meksiko?
2. Da me ake yin boliyo?
3. A garinku, me ake ba wanda ya firgita?