An Hana Ni Diyyar Ciwon Aiki, Ina Zan Kai Kuka?

Wani mai sauraronmu daga Sandamu, a masarautar Daura, ya ce ƙurar wurin aiki ta bar masa ciwon ƙirji da ba ya warkewa, ya nemi diyya aka hana shi.

Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ƙofa ba ta rufe ba. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiki da ita, ta ba ka kwana 180 daga ranar da aka yanke hukunci ka ɗaukaka ƙara zuwa ga hukumar a rubuce. Kada kwanakin su wuce ka, domin haƙƙin yana faɗuwa.

Inda maganar take shi ne takardar likita. "Yana fama da asma" kaɗai ba ta isa. Roƙi likitan asibitin gwamnati ya bayyana ko aikin ne ya jawo ciwon ko ya ƙara tsananta shi. Haɗa da hoton ƙirji, katin asibiti da shaidar albashi, ka riƙe kwafin komai. Na san zirga-zirga da ciwo wahala ce, don haka ka samu ɗan'uwa ya riƙa raka ka.

In hukumar ta sake ƙi, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. In kana buƙatar lauya, hukumar ba da lauya kyauta tana da ofis a Katsina.