Alewar Gida: Abin da Ke Kawo Danƙo da Ƙandarewa, da Yadda Za a Magance Su

Gabatarwa

A gidaje da dama alewa ta wuce abin marmari. Akwai iyaye mata waɗanda da cinikin kantun riɗi, da alewar gyaɗa, da iloka, da tuwon madara suke sayen sabulu da littattafai, har su tallafa wa maigida wajen biyan kuɗin makarantar yara. Ga irin wannan uwargida, tukunya guda da ta lalace babbar hasara ce: sukari ya tafi, madara ta tafi, gawayi ya ƙone, jari kuma ya ragu. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan sukari, ko a ce wance ba ta da hannun alewa. Amma kusan kowace matsala ta alewa tana komawa ga abu guda, wato yawan ruwan da ya saura a cikin sukari. Manufar wannan darasi ita ce a fahimci wannan, domin mai dafawa ta daina dogara ga sa'a.

1. Abin da ke faruwa cikin tukunya

Ruwa zalla yakan tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selsiyos a ƙasar da take daidai da bakin teku, zafinsa kuwa ba ya wuce nan. Idan an narkar da sukari a ciki, lamarin yakan sake. Yayin da ruwan yake fita ta tururi, sukarin yana ƙara kauri, zafinsa kuma yana hawa. Saboda haka zafin ruwan sukari shi ne ke nuna yawan ruwan da ya rage. A digiri 112 zuwa 116, sukari ya kai wajen kashi 85 cikin ɗari, alewar kuwa za ta fito da laushi. A digiri 149 zuwa 154 ya kai wajen kashi 99 cikin ɗari, alewar za ta sandare kamar gilashi. Daga digiri 160 sukarin yakan fara yin ja, idan kuma aka bar shi ya zarce, sai ya yi baƙi da ɗaci.

Ashe agogo ba abin dogara ba ne a wannan aiki. Minti goma a kan gawayi mai ruruwa dabam yake da minti goma a kan risho, faffaɗar tukunya kuma ta fi mai zurfi saurin ƙone ruwa.

2. Gwajin ruwan sanyi

Wadda ba ta da ma'aunin zafi tana da hanya mai sauƙi. A ajiye kofi cike da ruwan sanyi kusa da murhu. A sauke tukunya daga wuta, a ɗiga ruwan sukari kaɗan a cikin kofin, a jira ya huce, sa'an nan a taɓa shi da yatsu.

Idan ya watse ko ya yi zare mai narkewa, da sauran dahuwa.

Idan ya dunƙule, amma yana bajewa da an fito da shi, ya kai digiri 112 zuwa 116. Wannan ya dace da alewa mai laushi irin tuwon madara.

Idan ya dunƙule da ƙarfi, yana lotsawa in an matsa shi, ya kai wajen digiri 120 zuwa 130. Nan ne matsayin alewar da ake taunawa, irin iloka.

Idan ya zama siririn zare mai karyewa ƙaras, ya kai digiri 149 zuwa 154. Nan ne matsayin kantu da alewar tsotsa.

A riƙa sake ruwan kofin a kowane gwaji, gama ruwan da ya yi ɗumi yakan ruɗi mai gwaji.

Ga masu ma'aunin zafi akwai abin lura. Zafin tafasa yana raguwa da misalin digiri ɗaya a kowace mita 300 ta tudu. A Jos, wadda take wajen mita 1,200 sama da teku, ruwa yakan tafasa a wajen digiri 96. Uwargidan da ke can, idan ta bi lambobin nan yadda suke, alewarta za ta wuce misali ta ƙandare. Sai ta fara tsoma ma'aunin cikin tafasasshen ruwa. Iyakar abin da ya gaza 100, ta cire shi daga kowace lamba.

3. Dalilan danƙo

Na fari, rashin isasshiyar dahuwa. Alewar da aka sauke da wuri ba za ta daskare ba ko ta kwana a faranti.

Na biyu, danshin iska. Sukari yana jawo ruwa daga iska, shi ya sa alewar da ta fito daidai da safe takan yi naso kafin yamma a tsakiyar damina. A watannin Yuli da Agusta ya kamata a ƙara dahuwa da digiri ɗaya ko biyu, a kuma guji dafawa ranar da ake ruwan sama. Hunturu kuwa abokin mai alewa ne, saboda haka alewar Kirsimeti ta fi daɗewa ba ta lalace ba.

Na uku, yawan tsami ko zuma. Lemun tsami yakan raba sukari gida biyu, ɗaya daga ciki kuwa, wato irin sukarin da ya fi yawa cikin zuma, ya fi kowane saurin shan danshi. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na ruwan lemun tsami ya ishi kofi biyu na sukari. Idan ya fi haka, alewa za ta riƙa manne wa hannu.

4. Dalilan ƙandarewa da ɓarɓashi

Alewar da ya kamata ta yi laushi amma ta fito kamar dutse, dahuwa ce ta yi mata yawa. A tuna cewa tukunya mai kauri takan ci gaba da dafa abin da ke cikinta bayan an sauke ta. Saboda haka a shirya tiren da aka shafa wa mai, a soya riɗi ko gyaɗa tun kafin a ɗora sukari, domin a juye nan da nan.

Wata matsalar kuma ita ce alewa ta fito kamar yashi a baki. Dalilinta shi ne sukarin ya koma ƙwayoyinsa na dā. Ƙwaya ɗaya da ta maƙale a gefen tukunya ko a jikin muciya ta isa ta ja sauran. Maganinta shi ne a narkar da sukari a kan ƙaramar wuta har kowace ƙwaya ta ɓace, a rufe tukunya na minti biyu ko uku domin tururi ya wanke gefenta, sa'an nan a daina juyawa da zarar ta tafasa. Alewar da aka dafa da madara a ciki ce kaɗai take bukatar juyawa ba fasawa, don kada ta kama gindin tukunya.

5. Gyaran wadda ta lalace

Kada a yi saurin zubarwa. Alewar sukari zalla da ta ƙi daskarewa, ko ta ƙandare, ko ta yi ɓarɓashi, ana iya mayar da ita tukunya da ruwa kaɗan, a narkar a hankali, a sake dafawa zuwa matsayin da ake so. Wadda ta ƙone ta yi ƙauri kuwa ba ta da gyara.

6. Ajiya

A bar alewa ta huce sarai kafin a ƙulla ta a leda, gama mai ɗumi takan yi gumi a ciki. A zuba ta cikin busasshiyar kwalba mai murfi. Kada a haɗa mai laushi da mai tauri wuri ɗaya, domin mai taurin za ta sha danshin 'yar'uwarta. Alewa mai tauri ba ta son firji: da an fito da ita raɓa takan sauka a kanta.

7. Kiyaye lafiya

Ruwan sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi ƙwarai, yana kuma manne wa fata. Kada a dafa alewa da goyo a baya, kada kuma yara su yi wasa kusa da murhu. Idan wani ya ƙone, a kwarara wa wurin ruwan sanyi mai tsabta har minti 20, kada a shafa ƙwai, ko manja, ko man goge baki. Idan ƙunar tana da faɗi a kai shi asibiti. Alewa mai tauri tana iya shaƙe ƙaramin yaro, jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuma ba a ba shi zuma.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Me ya sa agogo ba ya nuna cewa alewa ta dahu?
2. Wane bambanci ke tsakanin dafa alewa a watan Agusta da a watan Disamba?
3. Wane aiki ne yara za su iya taimakawa da shi ba tare da sun kusanci wuta ba?

Aikin gwadawa

A ɗora kofi ɗaya na sukari da rubu'in kofi na ruwa, a riƙa gwadawa a ruwan sanyi kowane minti biyu, har a ga matakan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kofi ɗaya da aka sadaukar domin koyo zai tsare mudu da yawa daga hasara.