Yadda Ake Samun Gida Mai Sauƙin Kuɗi a Garuruwan Gefen Abuja

Duk wanda aiki ya kawo Abuja, da zarar ya ji kuɗin hayar ciki da falo a Wuse ko Garki ko Gwarimpa, shawarar farko da za a ba shi ita ce ya fita bayan gari, can ake samun araha. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai masu faɗarta ba sa ƙarasa ta. Na daɗe ina raka 'yan'uwa da abokan aiki neman gida a garuruwan da ke kewaye da birnin, kuma babu abin da ke ƙona min rai kamar in ga magidanci ya biya hayar shekara yana murna, damina ba ta kai tsakiya ba ya fara cigiyar wanda zai karɓi gidan. Araha ba ta ado. Abin da ka rage a haya, hanya ce ke karɓe shi a hannunka safe da yamma, in ba ka yi lissafi tun farko ba.

Ka fara da zaɓen hanya, gari ya biyo baya. Manyan ƙofofin shiga Abuja guda uku ne. Akwai hanyar Keffi, wadda ta ratso Uke da Auta Balefi da Masaka da Ado da Mararaba da Nyanya, ta sauko Kugbo ta faɗo AYA a Asokoro. Akwai hanyar Kaduna, daga Suleja da Madalla da Zuba, ta bi Dei-Dei da Kubwa. Sai hanyar filin jirgin sama, wadda mutanen Gwagwalada da Kuje ke bi ta Lugbe. Wurin aikinka shi zai zaɓa maka. Mai aiki a Asokoro ko Garki ya duba hanyar Keffi. Na Jabi da Utako da Gwarimpa ya duba ɓangaren Suleja. Wanda ofishinsa ke kusa da filin jirgi ko ƙofar shiga birni ta wannan hanya, Kuje da Gwagwalada ne nasa. Kada ka yarda ka zauna a wannan gefen birni kana aiki a wancan, ko da gidan kyauta aka ba ka, domin cunkoso biyu za ka riƙa ci kullum: na shigowa da na ratsa gari.

Na biyu, ɗauko takarda da biro. Rubuta hayar shekara, ka ɗora mata la'adar dillali da kuɗin lauya, waɗanda galibi kowanne kan kai kashi goma cikin ɗari, da kuɗin ajiya da wasu masu gida ke karɓa saboda ɓarna. Sannan ka lissafa kuɗin motar zuwa da dawowa na rana guda, har da acaɓan da zai fito da kai daga lungu zuwa bakin titi, ka ninka da kwanakin aiki na shekara. In matarka ma tana aiki a cikin gari, ninka biyu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan layi na kuɗin mota ya daina zama ƙaramin abu. A gidaje da yawa ya kama kafaɗar kuɗin hayar kanta. Jimillar nan ita za ka gwada da hayar Kubwa ko Karu ko Lugbe. Wani lokaci za ka tarar gidan da ya fi tsada a kusa shi ne mai arahar.

Na uku shi ne wanda mutane ke ƙyuya a kansa, kuma shi ne kan gaba a wurina: ka gwada hanyar da jikinka kafin ka ba kowa sisi. Dillali zai kai ka ranar Lahadi da hantsi, titi fayau, ya ce maka minti talatin ne zuwa Area 1. Bai yi ƙarya ba, ranar Lahadi haka ne. Kai kuwa ranar Litinin za ka riƙa fita. Nemi wani da ka sani a garin ka kwana wurinsa daren Lahadi, ka yi sallar asuba a can, ka fito daidai lokacin da za ka riƙa fita, da irin abin hawan da za ka riƙa hawa. In ba ka da mota, kada ka yi gwajin da motar aro. Tsaya a bakin titi kamar kowa, ka ga tsawon lokacin da ake jira, ka ga yadda kuɗin mota ke tashi idan mutane suka yi yawa, ka ƙirga sau nawa za ka sauka ka sake hawa. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, saboda haka ka lura da yadda za ka ƙarasa daga inda mota ta ajiye ka zuwa ƙofar ofis.

Dawowar ma ka gwada ta, kuma ka zaɓi yammacin da aka yi ruwa. A hanyar Keffi, matsalar ba nisa ba ce. Keffi ba ta wuce kimanin kilomita hamsin daga birnin ba, amma ɗan tsakanin nan daga Kugbo zuwa Nyanya zuwa Mararaba yana iya cinye maka lokacin da ya fi na sauran tafiyar gaba ɗaya, saboda motocin haya da ke lodi a kan titi da 'yan kasuwa da suka ci gefensa. Abin da wannan ke nufi shi ne, wanda ke Mararaba da wanda ke Masaka cunkoso ɗaya suke sha. To, tunda haka ne, ni na fi son mutum ya ƙara gaba, ya samu fili da iska da haya mai sauƙi, da ya matse kansa a Mararaba don ya ce yana kusa. A ɓangaren Suleja kuma, manyan motoci da tankokin mai ne abin lura. Tirela ɗaya ta lalace a Madalla ko Zuba, ranar ta tafi. Tambayi direbobin tasha, ba dillali ba, ƙarfe nawa hanya ke toshewa. Mazauna waɗannan garuruwa sun san cewa tsakanin mai fita ƙarfe biyar da rabi da mai fita ƙarfe shida da rabi, bambancin ya wuce awa guda nesa ba kusa ba.

Gargaɗi ɗaya da ba na gajiya da maimaitawa: hau mota a tasha. Masu fashi da ke fakewa da ɗaukar fasinja sun fi kama mai sauri da sassafe ko mai dawowa da dare. In ka samu maƙwabta masu aiki a ɓangarenku, ku haɗa kuɗin mai ku riƙa tafiya a mota ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya sa in fifita unguwar da ma'aikata suka yi yawa.

Na huɗu, dillali. Samo shi ta hannun wanda ke zaune a garin, limami ko mai shago ko abokin aiki. Kuɗin kai ka ganin gida kaɗan ne, biya ka huta, amma kada kuɗin haya ya shiga hannunsa. Mai gida za ka gani ido da ido, ko lauyansa da takardar wakilci, kuma ta banki za ka biya.

Na biyar, duba gidan, kuma in da hali a watan Agusta. Gidan da ka gani da rani ba ka gan shi ba. In dole da rani za ka kama, dubi gindin katanga ta waje da ta ciki, ruwa yakan bar zane a inda ya tsaya. Ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo. Sabon fenti a ƙasan bango kawai, ba a sama ba, alama ce ta ana ɓoye danshi. Dubi inda kwatar unguwa ta nufa, ka kuma tambayi ɗan acaɓa ko yana shiga layin idan an yi ruwan kwana. Ruwan sha kuwa, tambaya ɗaya ce: rijiya ko burtsatsen gidan na kai wa watan Maris da Afrilu? In ba ya kaiwa, kuɗin 'yan garuwa ya shiga takardar lissafinka.

Wuta kuwa, samuwarta ta bambanta daga layi zuwa layi. Mai sayar da ƙanƙara da mai cajin waya su za su gaya maka gaskiya. Ni ba na ba kowa shawarar gidan da ba shi da mita mai kati tasa ta kansa. Mitar haɗaka ita ce uwar rigimar gidan haya. Ko mai katin ce, a sayi wutar kuɗi kaɗan a gabanka ka ga abin da ya shiga, domin bashin wanda ya tashi yakan maƙale a kan mitar, a riƙa zare shi daga kowane kati da ka saya. Ka kuma kira wani daga cikin ɗakin kwana ka ji ko layin wayarka na kamawa.

Na shida, je ka gaida mai unguwa, ka tambayi yadda ake biyan 'yan sintiri. Guji gidan ƙarshe da ya jingina da dutse ko daji, komai kyansa. Abin da ya faru a yankin Bwari a farkon 2024 na satar mutane har cikin gidajensu bai kamata a manta da shi ba. Makarantar yara ta kasance a garin, kada ka jefa su cikin cunkoson da kai ma da ƙyar kake jurewa. Ta fuskar asibiti, Keffi na da cibiyar lafiya ta tarayya, Gwagwalada na da asibitin koyarwa, sai dai dukansu garuruwan jami'a ne, ɗalibai na ɗaga kuɗin ƙananan ɗakuna.

Yarjejeniyar haya a rubuce, da ranar shiga da ta fita, da wanda gyara ke kansa. Ɗauki hoton kowane ɗaki ranar da ka karɓi makulli.

In kuwa niyyarka sayen fili ko gida ce, ka yi hayar shekara guda a garin tukuna, sannan ka san a ƙasar wa kake tsaye. Nan ne mutane ke asarar gumin shekaru. Nyanya tana cikin Babban Birnin Tarayya, Mararaba da ke manne da ita tana jihar Nasarawa. Zuba ta birnin tarayya ce, Madalla ta jihar Neja. Ido ba ya ganin iyakar, amma doka na gani. A cikin birnin tarayya, har da Kuje da Kwali da Bwari da Gwagwalada da Abaji, ƙasa tana hannun gwamnatin tarayya, kuma ministan birnin ne kaɗai ke da ikon bayar da ita. Takardar dagaci ko ta sarkin ƙauye, komai yawan hatimin da ke jikinta, ba ta ba ka mallaka. Waɗanda suka ga rusau na zamanin da Nasiru el-Rufa'i ke minista, daga 2003 zuwa 2007, sun san haka, kuma rusau bai ƙare da tafiyarsa ba. Duk takardar da aka nuna maka, lauyanka ya kai ta ofishin filaye na birnin, wato AGIS, a bincika lambar fayil ɗin: sunan wa ke kai, an soke ta ko ba a soke ba, filin na gidan zama ne ko an ware shi don wani abu.

A Nasarawa da Neja, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna. Ana saye daga iyalai da masu gonaki, amma cinikin bai kammala ba sai ka bi shi zuwa ofishin filaye na jiha, NAGIS a Nasarawa, NIGIS a Neja, ka nemi takardar shaidar mallaka da sunanka. Kafin ka biya, kawo safiyo naka, ba na mai sayarwa ba, ya auna ya ɗauki lambobin wurin a duba su a taswirar gwamnati, kada ya zamana hanya ce za ta bi ta nan ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ne. In filin gado ne, sa hannun babban ɗa shi kaɗai bai isa ba. A tara magada, mata da maza, a gaban mai unguwa da shaidu, kowa ya sa hannu. Maƙwabtan filin ta kowace kusurwa su tsaya a nuna iyaka a gabansu.

Kuɗin lauya da na safiyo da na bincike za su yi maka nauyi a lokacin, na sani, amma kada ka rage ko ɗaya. Da an gama biya, a kafa duwatsun iyaka a ranar, a cikin makon kuma ka sauke bulo ka ja katanga ko da layi uku ne, ka ba wani maƙwabci ya riƙa shuka masara ko gyaɗa a ciki har ka tashi gini.