Darasi Na 14: Kafin A Shimfiɗa Kwalta

Ɗalibai, babu shakka kowannenku ya taɓa shiga mota a kan hanyar da ta lalace. Direba ya kauce wa wannan rami, ya faɗa wancan, fasinjoji suna ta tsaki. Wani ya ce laifin ruwan sama ne, wani ya ce laifin tirela da tankar mai ne. Dukansu sun faɗi gaskiya, amma ba su faɗe ta duka ba. Ruwan da ya ci wannan hanya shi ne ya sauka a kan waccan, ga ta nan kuwa sumul. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa dalilin ramin ya girmi hanyar kanta, domin ya samo asali ne tun ranar da aka zaɓi kayan aiki.

Maganar ba ƙarama ba ce. A kan waɗannan hanyoyi ne tumatir da shanu suke tafiya daga Kano zuwa Legas, goro da manja kuma su nufi arewa. Idan hanya ta mutu, tumatir ya ruɓe a mota, farashi ya tashi a kasuwa, wani lokaci ma a rasa rayuka. A wannan darasi za mu shiga ɗakin gwaje-gwaje, mu ga abin da injiniyoyi suke yi kafin tifa ta farko ta juye kaya.

Bari mu fara da kalmar kanta. Kwalta kalmar aro ce. Ta fito daga sunan da Ingilishi yake kiran baƙin ruwan da ake tatsa daga kwal, irin kwal ɗin da aka riƙa haƙa a Inugu a da. A yau kuwa wadda ake aikin hanya da ita daga ɗanyen man fetur take fitowa: ita ce abin da yake saura a matatar mai bayan an cire fetur da kananzir da gas. Bahaushe yakan kira hanyar ma da wannan suna, ya ce, "Mun hau kwalta." Don kada mu rikice, a nan idan mun ce kwalta, baƙin abin nan mai danƙo muke nufi. Idan an gauraya ta da dutse da yashi, sai mu ce haɗin kwalta.

Ƙasa da dutse

Baƙin da kuke gani a saman hanya riga ce kawai, kaurinta sau da yawa bai wuce faɗin tafin hannu ba. A ƙarƙashinta akwai fasasshen dutse, a ƙarƙashinsa akwai jar ƙasa, can ƙasa kuma akwai ƙasar wurin ta asali. Idan waɗannan suka lotsa, rigar ba ta da abin yi sai ta tsage.

A ƙauyukan ƙasar Hausa mata sukan taru su yi daɓe. Sukan baza tsakuwa da ƙasa a ɗaki, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi har wurin ya yi tauri. Sun san cewa busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa, wadda ruwa ya yi wa yawa kuma sai ta zama taɓo. Injiniya ma abin da yake nema ke nan, sai dai shi da ma'auni yake nema. Yakan ɗebi ƙasa kashi-kashi, ya sa wa kowane kashi ruwa daban, ya daka shi a cikin gwangwanin ƙarfe, ya auna nauyinsa. Wanda ya fi cushewa shi ne ya sami ruwan da ya dace. Wani injiniyan Amurka mai suna Ralph Proctor ne ya bayyana wannan gwaji a 1933, har yau kuma da sunansa ake kiran sa.

Bayan haka sai a jiƙa ƙasar da aka daka a ruwa, wani lokaci har kwana 4, sannan a danna mata sandar ƙarfe a ga ƙarfin da za ta iya ɗauka. Wato an kawo mata damina tun kafin damina ta zo. Akwai ƙasar da ba ta cin wannan jarrabawa, kamar baƙar lakar da ke kusa da Tafkin Chadi, wadda take kumbura da damina ta kuma daddare da rani. Irin wannan, ko dai a kwashe ta a kawo wata, ko a gyara ta da siminti ko makamancinsa.

Dutse kuwa, tankaɗe ake fara yi masa. Akan jera rariya a kan rariya, mai manyan ƙofofi a sama, mai ƙanana a ƙasa. Ta ƙarshe, faɗin ƙofarta milimita 0.075 ne kacal, abin da ya wuce ta gari ne. Sai a auna abin da ya tsaya a kan kowace rariya. Me ya sa? Ku cika kwano da lemo, za ku ga gurabe tsakanin lemon. Ku zuba gyaɗa, ta shiga guraben. Ku zuba gero, shi ma ya sami wuri. Haka ake so dutsen hanya ya kasance: manya, matsakaita, ƙanana da gari, kowanne ya toshe gurbin da na gaba da shi ya bari.

Ana kuma gwada taurinsa. Akan zuba kilo 5 na dutse a cikin gangar ƙarfe tare da ƙwallayen ƙarfe, a juya gangar sau 500, a ga yawan abin da ya niƙe. Dutsen da ya zama gari a ganga zai zama gari a ƙarƙashin taya. Siffa ma abin dubawa ce. Tsakuwar rafi mai santsi zamewa take yi, amma fasasshen dutse mai kusurwa yana cije ɗan'uwansa.

Allura a cikin kwalta

Kwalta tana da hali irin na man shanu: sanyi ya sa ta daskare, zafi ya sa ta narke. Don a san taurinta, akan ajiye ta a zafin digiri 25, a ɗora mata allura mai ɗauke da nauyin giram 100, a bar ta ta nutse na daƙiƙa 5. Idan kun ji injiniya ya ce kwaltarsa 60/70 ce, yana nufin allurar ta nutse tsakanin milimita 6 da 7. Irin wannan ce aka fi amfani da ita a Nijeriya, saboda zafin ƙasarmu. Ƙasashe masu tsananin sanyi sukan zaɓi wadda ta fi ta laushi, don kada hanya ta tsattsage da hunturu.

Nawa za a zuba?

Yanzu mun zo ga babbar tambaya. Ƙasa ta yi, dutse ya yi, kwalta ta yi. To, kwalta nawa za a zuba a cikin dutsen?

Wanda ya taɓa cin kantu zai gane maganar nan da nan. Kantu alewa ce da ake yi da riɗi da sukari. Riɗi ne jikinsa, sukari kuma shi ne yake riƙe shi. Idan sukari ya yi kaɗan, kantu ya marmashe a hannu. Idan ya yi yawa, da rana ta buge shi sai ya yi laushi ya manne wa yatsa. A haɗin kwalta, dutse ne yake ɗaukar nauyin mota, kwalta riƙewa kawai take yi. Abin da zai ba ku mamaki shi ne ƙarancinta: a cikin kilo 100 na haɗi, kwalta takan kasance wajen kilo 5 ko 6 ne kurum.

Hanyar gano adadin da ya dace, wadda ta fi yaɗuwa a ƙasar nan, ita ce ta Bruce Marshall, wani injiniya na ma'aikatar hanyoyi ta Jihar Misisipi a Amurka. Ya ƙirƙiro ta wajen 1939, sannan injiniyoyin sojan Amurka suka inganta ta lokacin Yaƙin Duniya Na Biyu, sa'ad da suke gina filayen jirgin sama.

Ga yadda ake yi. Akan auni dutse wajen giram 1,200, a gasa shi, a zuba masa kwalta mai zafi, a gauraya har kowace ƙwaya ta yi baƙi. Sai a juye haɗin a cikin gwangwani mai faɗin wajen santimita 10, a daka shi da guduma mai nauyin kilo 4.5 wadda take faɗowa daga tsayin wajen santimita 46. Idan hanyar ta manyan motoci ce, bugu 75 ake yi, a juya gwangwanin, a ƙara 75. Abin da yake fitowa curi ne baƙi mai kama da gwangwanin madara gajere. Ba guda ɗaya ake yi ba. Akan yi uku da kwalta kashi 4.5 cikin 100, uku da kashi 5, uku da kashi 5.5, haka dai har a sami wajen curi 15.

Idan sun huce, sai a auna kowanne a lissafa yawan iskar da ta rage a cikinsa. Daga nan a tsoma shi a ruwa mai zafin digiri 60 na minti 30 zuwa 40, domin kusan haka fuskar hanya take zafi da tsakar rana a lokacin bazara. Sai a cire shi da sauri, a kwantar da shi a cikin na'ura, ta matse shi har ya gaza. Abu biyu ake rubutawa: nauyin da ya ɗauka kafin ya gaza, wato juriyarsa, da yadda ya lotsa kafin ya gaza. Lotsawar da ake so takan kasance tsakanin milimita 2 da 4. Wanda bai lotsa ba sam, gautsi gare shi. Wanda ya lotsa da yawa kuma ya cika laushi.

Idan aka jera sakamakon, sai a ga juriya tana hawa yayin da ake ƙara kwalta, ta kai ƙololuwa, sannan ta fara sauka. Dalili kuwa, kwaltar da ta yi yawa takan raba duwatsu da juna, su daina cije juna, su koma iyo a cikinta.

A ganina, abin da ya fi ban sha'awa a duk wannan aiki shi ne maganar iska. Mutum zai zaci hanya mafi kyau ita ce wadda babu ko ɗigon gurbi a cikinta. Ba haka ba ne. Da gangan ake barin iska kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Idan rana ta yi zafi kwalta takan kumbura, motoci kuma kullum ƙara daɓe hanyar suke yi. Idan babu gurbin da za ta shiga, sai ta tsattsafo sama, hanya ta yi ƙyalli da santsi, sawun taya ya zama kwari. Ku duba mahaɗar hanya ko wurin da manyan motoci suke taka birki, za ku iya ganin haka. Idan kuma gurabe suka yi yawa, ruwa ya sami ƙofa. Ya shiga tsakanin kwalta da dutse ya raba su, taya ta tsince duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ramin da direbanku ya kauce wa, wataƙila haka ya fara.

Ku yi wannan lissafi tare da ni. A ce za a shimfiɗa haɗi mai kaurin santimita 4 a kan hanya mai faɗin mita 7.3 da tsawon kilomita 1. Za a buƙaci wajen tan 700. Idan aka rage kwalta da rabin kashi ɗaya kawai cikin 100, an rage tan 3 da rabi ke nan a kowace kilomita. Kwalta ce kuwa mafi tsada a cikin haɗin. Ranar buɗe hanya babu idon da zai ga bambanci, sai an sha damina ɗaya ko biyu. Shi ya sa gwaji ba ya ƙarewa a ɗakin gwaje-gwaje. Akan auna zafin haɗin da tifa ta kawo, domin wanda ya huce ba ya daɓuwa ko da rola ta wuni a kansa. Bayan an gama kuma, akan huda hanyar da na'ura a ciro gunduwa, a auna kaurinta, a wanke kwaltar da sinadari a ga ko ta cika.

Nahawu

Ku lura da waɗannan jimloli: "An daɓe ƙasa, ta daɓu." "An gauraya haɗi, ya gaurayu." Aikatau mai ƙarewa da -u yana nuna cewa aikin ya yiwu sosai. A korewa kuma yana nuna abin da ba zai yiwu ba: "Busasshiyar ƙasa ba ta daɓuwa."

Ma'anar kalmomi

Daɓe: bugun ƙasa har ta yi tauri.
Rariya: abin tankaɗe mai ƙofofi.
Lotsa: shigewa ciki saboda nauyi.
Gautsi: saurin karyewa ko fashewa.
Curi: abin da aka dunƙule.
Tsattsafo: fitowar ruwa kaɗan-kaɗan.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake jiƙa ƙasa kafin a gwada ƙarfinta?
2. Mene ne ma'anar 60/70?
3. Ta yaya kantu ya yi kama da haɗin kwalta? Ku kawo wani abinci na garinku da za a iya yin misali da shi.
4. Don me ake barin iska a cikin haɗin kwalta?
5. Ku mayar da waɗannan zuwa aikatau mai ƙarewa da -u, ku sa kowanne a jimla: gyara, dafa, niƙa, gina.
6. Ku duba hanyar da ta fi kusa da makarantarku, ku rubuta jimla goma da Hausa a kan abin da kuka gani a fuskarta.