Na'ura a Ajin Farko: Ra'o'in Koyo da Matsayin Harshe a Makarantun Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Gabatarwa

A watan Maris na 2025 Jamhuriyar Nijar ta ƙaddamar da sabon kundin tsarin ƙasa wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Tun kafin nan, dokar ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, kuma makarantun gwaji masu harshe biyu sun soma aiki tun 1973. Duk da haka, binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa kusan yaro ɗaya ne cikin goma ya kai matakin da ake buƙata a fannin harshe a farkon firamare. A irin wannan hali, duk wanda ya zo da waya ko kwamfutar hannu ya ce ga magani, za a saurare shi. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan magani da ma'aunin ra'o'in koyo, tare da la'akari da yaron ajin CI da CP a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jahar Maraɗi.

Ra'o'i uku da abin da kowanne ke nema daga na'ura

Ra'i na farko shi ne na ɗabi'antarwa, wanda B. F. Skinner ya yi fice a kai. A ganinsa, koyo sabo ne da ke ginuwa ta maimaici da lada: yaro ya amsa daidai, a yaba masa nan take, amsar ta zauna. Shi da kansa ya ƙera injin koyarwa a shekarun 1950, kuma mafi yawan manhajojin yara na yau jikokin wannan inji ne, tun da aikinsu nuna harafi ne, a taɓa, a ji tafi. A 1959 Noam Chomsky ya soki wannan ra'i da hujjar cewa yaro na furta jumlolin da bai taɓa ji ba, don haka maimaici bai isa ya bayyana yadda ake mallakar harshe ba. Sai dai sukar ta fi shafar magana. Haɗa harafi da sauti abu ne da ɗan Adam ya ƙirƙira, kuma yana buƙatar atisaye mai yawa. A nan manhajar maimaici tana da amfani, muddin an san iyakarta.

Ra'i na biyu na Jean Piaget ne, wanda ya nuna cewa yaro na gina saninsa ne ta mu'amala da abubuwan da yake taɓawa. Ɗan shekara shida ko bakwai bai ƙware a tunanin da ba ya jingine da abu na zahiri ba. Saboda haka malamin da ke koyar da ƙirga da karan gero, tsakuwa ko ƴaƴan aya yana kan turba, kuma hoton tsakuwa a fuskar waya bai kai tsakuwar da ke tafin hannu ba.

Ra'i na uku na Lev Vygotsky ne. Shi ya mai da hankali ga tazarar da ke tsakanin abin da yaro ke iyawa shi kaɗai da abin da yake iyawa idan wanda ya fi shi ya kama masa. A cikin wannan tazara koyo ke faruwa, kuma magana ce abin hawansa. Bahaushe ya san wannan tsari tun a makarantar allo, inda gardi ke biya wa ƙolo karatu har bakinsa ya kama, sannan ya janye. Bisa wannan ra'i, na'urar da ta ƙara magana tsakanin malami da ɗalibi ta taimaka, wadda kuwa ta keɓe yaro shi kaɗai ta rage masa abin da ya fi buƙata.

Abin da gwaje-gwajen baya suka nuna

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1964 aka soma talabijin na makaranta da taimakon Faransa, a ajujuwa kusan ashirin a Yamai da kewaye. Darussan cikin Faransanci suke, kuma shirin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970 ba tare da ya kai yawancin ƙauyukan ƙasar ba. A Peru, inda aka raba wa yaran karkara ƙananan kwamfutoci, binciken da aka wallafa a 2012 bai ga wani ƙari a lissafi ko harshe ba. A ɗaya ɓangaren, shirin ABC da Jenny Aker da abokan aikinta suka nazarta a jahohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010 ya sami ci gaba a rubutu da lissafi, bayan an koya wa manya masu yaƙi da jahilci aiki da wayar salula. Abin lura shi ne, a shirin ABC akwai malami, akwai harshen uwa, sannan waya ta ba ɗalibi dalilin yin rubutu kullum. Amma manya ne aka gwada, don haka ba daidai ba ne a ɗora sakamakon kai tsaye a kan ɗan CI.

Inda masanin harshe ya shigo

A 1986 Gough da Tunmer suka bayyana fahimtar karatu a matsayin sakamakon abu biyu da ake ninkawa: iya fitar da sauti daga haruffa, da fahimtar harshen da aka rubuta. Idan ɗaya ya zama sifiri, sakamakon sifiri ne. Yaron Gangara da ke rera shafin Faransanci ba tare da sanin ma'anarsa ba ya sami na farko ya rasa na biyu. Jim Cummins kuma ya nuna tun 1979 cewa ƙwarewar karatu da aka gina a harshen farko tana ƙetarawa zuwa na biyu. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta farawa da Hausa, amma ta bar mana matsaloli huɗu.

Ta farko ita ce karin harshe. Yaron Tsibiri da na Gazawa suna jin ana cewa hwara, tahi, mi, biyat ko biyal, alhali littafi na rubuta fara, tafi, me, biyar. Idan muryar da ke cikin manhaja ta furta harafin f da lafazin Kano kaɗai, yaro zai nemi sautin a bakinsa ya rasa. Mafita ita ce a rubuta daidaitacciyar Hausa, a naɗi murya daga yankin, a kuma sanar da malami cewa furucin yaro kari ne, ba kuskure ba.

Ta biyu ita ce haruffa masu ƙugiya. Waya da yawa ba ta da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a sauƙaƙe, har kafa da ƙafa, baki da baƙi suka zama ɗaya a saƙonni. Babba na gane nufi daga jumla, amma mai koyo na buƙatar kowace ƙwayar sauti da harafinta.

Ta uku ita ce karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Gari na mazauni da gari na tuwo siffarsu ɗaya a takarda. A nan sauti da aka naɗa ya fi allo amfani, domin yana raba kalmomin a kunne.

Ta huɗu ita ce karon ƙa'idojin rubutu biyu. Yaron da aka koya wa u, w da j zai ga sunan garinsu a bakin hanya an rubuta Gazaoua ko Guidan Roumdji, kuma harafin c na ciki da cokali wani sauti yake bayarwa a Faransanci. Dole a tsara lokacin da za a gabatar da waɗannan bambance-bambance, kada manhajoji biyu su cakuɗa su a mako guda. A Gidan Rumji lamarin ya ƙara faɗi, domin tun 2019 gundumar ta karɓi ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina a wurare irin su Garin Kaka da Cadakori. Wasu yaran sun fara karatu da Ingilishi, kuma Hausa ce kaɗai ta haɗa su da abokan zamansu a aji.

Kammalawa

A ajin rumfar zana da ba a kafawa sai bayan girbi, mai yara da yawa kuma babu lantarki, kwamfuta ga kowane yaro ba ita ce tambayar farko ba. Abin da ya fi kusa shi ne wayar malami, katin ajiya da ƙaramar lasifika mai cajin rana. Da su za a iya sauraron tatsuniya a tsaya a yi tambaya, a ji furucin gaɓoɓi, malami kuma ya ji darasin abin koyi kafin ya shiga aji. Kafin a karɓi kowace na'ura, ya kamata a tambaya: wane ra'in koyo ke ƙarƙashinta, da wane harshe da wane kari take magana, kuma mene ne aikin malami yayin da take kunne?

Abin da za a zuba cikin na'urar kuwa aikinmu ne, mu ɗaliban kimiyyar harshe. Ana buƙatar jerin kalmomin da yaran waɗannan gundumomi suka fi amfani da su, gajerun labarai da aka gina da haruffan da aka riga aka koyar kaɗai, da taswirar furucin f da ts daga Tsibiri zuwa Gazawa. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya zama batun kundin digiri na biyu.