Yadda Ake Mayar da Outlook daga POP zuwa IMAP Ba Tare da Saƙonni Sun Salwanta Ba

Idan ka aika saƙo daga kwamfuta ka neme shi a waya ka rasa, ko saƙonnin da suka kwana biyu suna ɓacewa daga wayar, da wuya a ce laifin intanet ne. Galibi tun ranar da aka saita imel ɗin a Outlook aka zaɓi POP a inda ya kamata a zaɓi IMAP.

Shi POP kwasowa yake yi: ya ɗebo saƙonni daga sabar ya zuba a kwamfuta ɗaya, kuma bisa saitinsa na asali Outlook yana goge na sabar bayan kwana 14. IMAP kuwa, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986, yana barin komai a sabar, kowace na'ura ta ga abu ɗaya. Matsalar ita ce Outlook na kwamfuta ba ya yarda a sauya nau'in asusu bayan an kafa shi. Dole a kafa sabo.

Kafin komai, ka ajiye kwafi. Tsofaffin saƙonninka suna cikin fayil mai ƙarewa da .pst, yawanci a jakar Outlook Files da ke cikin Documents. Rufe Outlook, ka kwafe fayil ɗin zuwa filashi. Kada ka tsallake wannan, ko da mai gyara ya ce maka "ba komai, duk suna sama". Wasu saƙonnin babu su ko'ina sai nan.

Daga nan shiga Control Panel, ka buɗe Mail, sai Show Profiles, ka danna Add. Ka zaɓi saiti da hannu, don barin Outlook ya yi wa kansa zaɓi yana iya mayar da kai gidan jiya. Zaɓi IMAP. Lambar shigowar saƙo 993 ce tare da SSL. Idan ka ga 995 ko 110, to har yanzu kana kan POP. Ta fita 465 ko 587. Sunan sabar kamfanin da ke riƙe da imel ɗinka ne zai ba ka, masu Gmail kuwa imap.gmail.com da smtp.gmail.com.

Aika wa kanka saƙo, ka duba ko ya bayyana a waya da kwamfuta. In ya bayyana, shiga File, sai Open & Export, ka buɗe tsohon fayil ɗin nan. Zai fito a gefen hagu. Ka riƙa jawo saƙonnin zuwa sabon asusun kaɗan-kaɗan, jaka bayan jaka, domin kowannensu sai ya hau sabar. Aikin yana cin data da lokaci, kuma in akwatinka ƙarami ne zai iya cika ya daina karɓar sababbi. Na shekarun baya da ba ka buƙata a waya, bar su inda suke.

Sai dai IMAP saƙonni kawai yake daidaitawa, ba ruwansa da kalanda da adireshin mutane. Su ka bar su a fayil ɗin .pst. Kuma kada ka sake buɗe tsohon asusun POP ɗin, don yana buɗewa zai ci gaba da kwasa da gogewa. Ka cire shi da zarar ka tabbatar komai ya koma.